Randar Inna da Duba-gari

Shekarar da aka turo ni Madawa koyarwa, daga Keita na taho, da ƴata goye a baya, da akwati da katifa. Maigidana yana can Tawa wurin aikinsa, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ɗakin da na samu yana cikin wani gidan haya bayan kasuwa, irin gidajen nan da mai su ya yi ta liƙa ɗaki a jikin ɗaki har tsakar gida ta koma lungu. In maƙwabciyata ta yi atishawa, daga kan gadona nake yi mata addu'a. Akwai matan direbobi, akwai masu dakon albasa da iyalansu, akwai tela, akwai mai ƙosai, ga yara kuwa ba a magana. Dukanmu salga ɗaya, wurin wanka ɗaya, gologo ɗaya, wato ramin nan na bayan katanga inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke taruwa yana wari. Kowace safiya layi ake yi da butoci, kuma a layin nan na fara sanin halin kowa.

Ni mai faɗa ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Kafin in yi wata a gidan na yi cacar baki da kusan kowace mace, a kan igiyar shanya, a kan shara, a kan kashin yara da ake bari ƙudaje na biki a kai. Mutum ɗaya ce bakina bai iya ɗaga mata murya ba, tsohuwar da ke ɗakin farko kusa da zaure. Kowa Inna yake ce mata. Daga Azarori ta fito, ta biyo ɗanta guda da Allah ya bar mata lokacin da yake dako a tashar albasa. Daga baya ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, wajen Libiya. Da farko yana kira ta wayar tela, sai kiran ya yi ta ja baya har ya ɗauke. Inna ta ƙi komawa ƙauye, ta ce nan ya bar ta, nan zai zo nemanta. Saƙar tabarma ke ciyar da ita, kullum tana zaune da kaba a cinya, yatsunta sun rine da jan rini.

A ƙofar ɗakinta akwai ƴar rumfar zana, ƙarƙashinta kuma wata babbar randa da aka binne rabinta cikin yashi mai laima. Faifai ne a bakinta, da moɗa a kife a sama. Duk gidan babu ruwa mai sanyin nata. Wanda ya dawo daga rana, kafin ya isa ɗakinsa sai ya tsaya ya ɗaga faifan nan. Yara su zo da hannun tuwo su tsoma, manya su sha su mayar da moɗar. Mai ga-ruwa yana zuba mata kowace safiya, matan gidan kuma duk wadda ta ɗebo sai ta ƙara mata. Ni ma can nake sha, ƴata kuwa tun da ta fara tafiya ta san hanyar rumfar.

Da na daɗe a gidan sai na lura ban taɓa ganin an wanke randar ba. Ƙari kawai ake yi. Wata rana ina taya ta tsagar kaba na tambaye ta, da muryar nan tawa ta malamar lakwal, wato makarantar boko, wadda kowa ke kira Madan. Ba ta ɗago kai daga saƙarta ba ta ce, "Madan, gidanmu haka munka gada. In namiji za shi biɗa, a ba shi ruwa shi sha, shi rage, a maida ragowar cikin randa. Daga nan ba a sake ganin gindinta sai ran da yad dawo. Ƙari aka yi bisa, ba a zubdawa."

Na ce mata wannan ai ba ya cikin addini. Ta ce ta sani, kakanninta ne ke yi tun ba su fara salla ba, kuma liman ma ya gaya mata, ta ji. Amma ruwan da ɗanta ya sha ya rage yana ciki, kuma ba hannunta ne zai zubar da shi ba. Na ce bayan shekarun nan me ya rage na ruwan ranar? Ta ce ko ɗigo ne, nasa ne. Daga nan na ci gaba da tsagar kaba.

Sai duba-gari, ma'aikacin da ke zagaya gidaje yana duba tsafta. Ƴan boko suna ce masa mai ijiyan, wato tsafta da Faransanci, tsofaffi kuma duba-gari. Wani dogo ne siriri, mutumin Buza, yana yawo a kan tsohon moto, wato babur, da rigar kaki, da fitilar hannu, da wani ludayin ƙarfe mai dogon mariƙi da yake zurawa cikin tukwane da randuna. Ba ya tsawa, ba ya zagi, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, domin mutumin da ba ya ɗaga murya ban san ta ina zan kama shi ba. Zai shigo ya gaida kowa, ya leƙa salga, ya ɗaga murfin tukunya, ya kife tsohuwar taya da ruwan sama ya kwanta a ciki. In ya yi gargaɗi ya dawo ya tarar ba a gyara ba, sai ya fasa abin, ya kira mai gida meri, wato ofishin magajin gari.

Unguwarmu tana da nata shiri. Da zarar motonsa ya karyo kwanar layi, matar gidan farko sai ta kama daka turmin da babu komai ciki. Ƙarar turmi wayam daban take, kowace mace ta san ta. Gida na biyu ya karɓa, na uku ya karɓa, kafin ya gama da gidan farko labari ya kai ƙarshen layi. Sai ka ga gidanmu ya hargitse. Wannan ta ɗauki tsintsiya, waccan ta watsa toka a salga, a kora awaki ɗakin tela a rufe su tare da keken ɗinkinsa, a ja tsohon zana a rufe gologo a barbaɗa yashi a sama. Ni da ke koya wa yara tsafta a aji, ni ce ke tsayawa a tsakar gida ina rarraba aikin.

Damanar wannan shekara amai da gudawa suka shigo unguwar. Muka fara jin an kai wane likita, an kai ɗiyar wance. Muka kuma ji duba-gari ya daina wasa, har ya fasa randuna a wani gida. Ranar da turmi ya yi ƙara da hantsi, kowa ya dubi rumfar Inna. Muka kwaso dauren kabarta muka jingina kewaye da randar, muka jibga tabarminta a sama har wurin ya zama kamar kayan da za a kai kasuwa. Mai ƙosai ta zauna a gaba tana tsintar wake. Muka ce da Inna ta zauna ta yi saƙarta, kada ta ce uffan.

Ya shigo ya yi aikinsa. Ya isa bayan katanga ya sa ƙafa ya ture zanan gologo ba tare da ya dube mu ba, alamar ya daɗe da sanin wannan dabarar. Ya ce a kwashe kafin ranar kasuwa. Akuya ta yi kuka a ɗakin tela, ya yi kamar bai ji ba. Ya wuce ta gaban tarin tabarmi, har ya taɓa ɗaya ya yaba saƙar. Ya kai bakin zaure, ya cire hula yana share gumi da ita, domin rana ta take sosai bayan ruwan da aka yi. Mun fara sauke numfashi ke nan, sai na ga Inna ta ajiye kaba ta miƙe.

Na yi tari, mai ƙosai ta ja mata zane, na harari Inna har idona ya yi zafi. Ta ture hannun mai ƙosai, ta janye tabarmi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga faifai ta ciko moɗa. Ta ce, "Baƙo shi shigo cikin wagga rana, shi hita bai sha ruwa ba? Ba ƙohwar ɗakina ba." Ta bi shi har zaure tana riƙe da moɗar hannu biyu.

Ya durƙusa ya karɓa, ya yi godiya, amma bai kai baki ba. Ya karkata moɗar wajen haske ya duba. Sannan ya mayar mata, ya taso ya zo rumfar, ya haska cikin randar da fitilarsa, ya zura dogon ludayin nan har ƙasa. Abin da ya fito da shi baƙin taɓo ne mai yauƙi, da wasu ƴan abubuwa na motsi a ciki. Ya nuna mana ɗaya bayan ɗaya. Ga shi da safen nan ƴata ta sha ruwan a gabana. Ya ce a kwashe ruwan duka, a goge randar, a wanke da zabel, ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ta sha rana. Zai dawo ranar kasuwa, in ya tarar da ita yadda take, dole ya fasa. Inna tana tsaye da moɗa a hannu har ya fita. Ranar ba ta ƙara taɓa saƙa ba.

Matan gidan suka yi mata caa, wai me ya kai ta. Ta ce tun da ta miƙe ta san abin da zai biyo baya, amma ƙafarta ta riga ta tashi. Ni haushinta nake ji, ina kuma jin kamar in rungume ta.

Washegari da aka tashi daga lakwal na nufi meri, na shirya faɗa tun daga hanya. Na same shi a wani ɗan ɗaki yana wanke ludayinsa. Na zazzage masa labarin ɗan Inna da al'adar gidansu, na ce in ya fasa randar nan tsohuwa ya fasa, kuma Allah zai tambaye shi. Ya bari har na gaji. Sannan ya ce, "Madan, gidan da ab bayan naku, jiya anka kai ɗiya biyu likita. Guda bai kwana ba. Ke ma kina da ɗiya." Gaskiya ya faɗa, wannan kuma ya ƙara tunzura ni. Na ce da alama shi ba ya da uwa. Ya ce yana da ita, tana Buza, kuma ita ma in ta kafe kan abu ba mai ɗaga ta. Na fito ban yi masa sallama ba.

Kwanakin da suka biyo gidan ya yi nauyi. Maza suka kwashe gologo suna toshe hanci. Wasu mata suka ce a jira Inna ta shiga salla a kwashe ruwan kawai, in ta fito ta tarar da aikin gama. Na ce duk wadda ta taɓa randar nan a bayan idonta da ni za ta yi, alhali ni kaina na hana ƴata zuwa wurin. Inna ta daina zuwa ko'ina, tana zaune jikin randar. Wata rana da yamma ƴar tawa ta sulale ta je ta miƙa hannu kamar yadda ta saba. Ina kallo daga ƙofar ɗaki, Inna ta ɗauke moɗar ta ɓoye a bayanta, ta ce mata ta je wurin uwarta ta ba ta. Yarinyar ta fashe da kuka, Inna ta kau da kai. A nan na gane ta yarda ruwan ba shi da kyau, zubarwar ce ba za ta iya ba.

Ranar kasuwa turmi ya yi ƙara, amma a gidanmu ba wanda ya motsa. Ya shigo da bokiti da soso da kwalbar zabel. Na leƙa waje na ga wani guntun ƙarfe ɗaure a bayan motonsa, na san na fasa randa ne. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Inna, ya yi mata doguwar gaisuwa, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Azarori da labarin damana. Sai ya ce, "Inna, in tambaye ki. Randa ta ka jiran shi, ko ruwa?"

Ta daɗe tana murza sililin kaba a hannu. Sannan ta ce ruwa ne. Randa ƙasa ce, ko yau ta fashe maginiya za ta gina wata. Ya ce to a kawo masa tukunya da kallabi mai tsafta. Na kawo tukunyata da sabon kallabin da ban taɓa ɗaurawa ba. Ya shimfiɗa kallabin a bakin tukunyar, ya ce Inna ta ɗebo daga sama da hannunta ta tace har ta cika, a ɗora a wuta ya tafasa sosai. Shi za a fara mayarwa in an gama wanki, a yi ƙari a kansa yadda ta saba.

Inna ba ta yarda nan take ba. Ta tambaye shi in ruwa ya tafasa ba ya mutu ba ke nan. Ya ce abin da ke mutuwa shi ne abin da ke kwantar da yara, ruwa kuwa yana nan ruwansa, ai da tafasasshe take dama kunu. Ta ce to, amma ita za ta hura wutar da kanta. Da tukunya ta fara huci sai ta ɗauko dutse ta danne murfin, wai kada ɗigon ɗanta ya bi tururi ya fita. Duba-gari bai yi dariya ba, ya ma gyara mata zaman dutsen.

Sauran ruwan ta ce ba za a kai shi gologo ba, sai gindin icen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gida. Muka yi layi da bokitai muna kaiwa. Da aka kusa ƙasa sai abubuwa suka fara fitowa cikin taɓon: cokali, murfin kwalba, ruɓaɓɓen batirin rediyo, kan ƴar tsana, da makullin shagon tela wanda ya taɓa tara gidan nan kaf yana rantsuwa sace shi aka yi. Muka yi ta dariya muna tofar da yawu, tela ya karɓi makullinsa ya shige ɗaki.

Maza suka tone yashi suka ciro randar, suka kwantar da ita a tsakar gida. Na ɗauki soso zan fara, Inna ta karɓe. Ta durƙusa ta zura kai da kafaɗu ciki, tana gogewa. Can sai gogewar ta tsaya, amma ba ta fito ba. Muna jin muryarta daga ciki ƙasa-ƙasa, tana kiran ɗanta da sunan da take kiransa yana ƙarami, bayanta yana rawa. Tun ranar da ya tafi ba ta ga gindin randar nan ba sai ran nan. Dariya ta ɗauke. Duba-gari ya juya ya tafi bayan katanga, wai zai sake duba gologo, ya daɗe a can. Ni kuwa kuka na yi, a tsaye, a gaban matan da na yi faɗa da su duka, ban ji kunya ba.

Randar ta yini a rana. Inna ta zauna a inuwa da tukunyar a gabanta, tana yi mata fifita da faifai don ta huce. Da la'asar aka zubo sabon yashi aka mayar da randar mazauninta. Inna ta ɗaga tukunyar da bisimilla ta juye, ba ta bar ko ɗigo ba. Mai ga-ruwa ya cika, duba-gari ya ɗiga zabel gwargwado, ya ɗaura wa moɗar dogon mariƙi, ya kafa ƙusa a gimshiƙin rumfa ya rataye ta, ya ce kada hannu ya ƙara shiga ciki. Da aka jima kaɗan Inna ta ciko moɗar ta miƙa masa. Wannan karon ya durƙusa ya shanye tas. Ta ce masa dama ƙishirwar nan tasa tana damunta tun ran nan.

Daga ranar abin ya zama aikin kowane mako. A tace, a tafasa, a danne da dutse, a wanke, a mayar. Inna ta koma duba-garin gidanmu, ta ma fi na meri tsanani. Yaron da ya kawo hannu bakin randa sai ya sha sililin kaba, babba kuma ya sha magana. Ciwon ya gama zagayensa a unguwa bai shigo mana ba. Ban ce randar ce kaɗai ba, Allah ne ya tsare, an kuma kwashe gologo. Turmi bai daina ƙara ba in moto ya karyo kwana, domin har yanzu akwai awakin da za a ɓoye. Shi kuma duk ran da ya zo, in ya gama leƙe-leƙensa, sai ya tsaya a rumfar ya sha ruwa kafin ya fita. Ni da shi muka koma gaisawa, ko da yake ban fasa gaya masa gaskiya ba in ya matsa mana.

Har na bar gidan ɗan Inna bai dawo ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba. Wayar tela in ta yi ƙara Inna takan tsayar da saƙa, ta saurara, sannan ta ci gaba.

Bayan wasu shekaru aka mayar da ni Buza. Safiyar tafiya an ɗaure kaya a amalanke, ƴata da ta isa shiga lakwal tana riƙe da hannuna, mata suna ta neman gafara, har da waɗanda ni ya kamata in nema. Na zo rumfar in yi wa Inna ban kwana. Ta ba ni tabarma sabuwa, sannan ta sauko da moɗar daga ƙusa ta ciko ta miƙo mini. Na kafa kai ina sha, sai ta riƙe gindin moɗar ta ce, "Rage."

Na ce, "Inna, ai na maza ne masu zuwa biɗa."

Ta karɓe moɗar. Na zaci cikin randa za ta mayar, har na buɗe baki. Sai ta juya wajen murhu, inda ƴar tukunyarta ke kan wuta tun ban fito ba, ta ɗaga murfi ta juye ragowata a ciki, ta rufe, ta ɗora dutsen nan a kai.

Ta ce, "Duba-gari ya ce sai an tahwasa. Tahi, Madan, Allah shi kiyaye hanya. Yanzu ku biyu nika jira."